Sharm a Kaset ɗin Kaka

Wata Juma'a da zafi, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya fitar da ni daga Madina karo na farko. Muka bar unguwarmu Al-Sih da safe, muka sayi dabino a Badr, muka isa gaɓar Yanbu. Nan na ga teku ya kutsa cikin tudu, siriri, shuɗi, ba motsi. Na riƙe rigar Baba don tsoron zamewa. Ya ce sunan wurin sharm, Larabawa sun samo kalmar daga tsagewa, kamar an yaga bakin ƙasa ruwa ya shige. Na tambaye shi sunansa da Hausa. Ya ce mu ba mu da teku.

Ni kaɗai ne yaro a gidanmu. Baba yana wuni a kantin magani, ni da Umma muna gida a saman bene, ina wanke kofunan shayi, ina leƙen yaran unguwa suna ƙwallo. Duk shekara bayan aikin Hajji mukan naɗi kaset mu ba alhazan Kano su kai wa Kaka, wadda ban taɓa gani ba. Ba ta jin Larabci, ni kuma Hausata ta fara kuɓuce mini. Tsorona kada ta saurara ta ce ba ta gane jikanta.

Na ƙudurta zan ba ta labarin sharm. Na gwada rafi, na ga ƙarya ne, ai ba ya gudu. Na gwada tafki, shi kuma ba gishiri. Na naɗa na goge har Umma ta ce zan cinye kaset ɗin. Ƙarshe na ce, "Kaka, na ga inda ƙasa ta yage, ruwa ya shiga," na kashe rediyon.

Sai da alhazai suka dawo wata shekara amsa ta zo. Bayan gaishe-gaishe ta ce, "Maigidana, ban san wannan ruwan naka ba, amma na ji ka sarai. Kada ka shiga, ka bar ni gwauruwa."

Yanzu kira ba wuya, har fuska ake gani. 'Ya'yana ina yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, kuma ba wanda suke tsoron ya kasa gane su. Kaka ta rasu ban je ba.