Gwaggo Asabe Mai Binciken Asalin Ruwa

Ku da kuka san Gwaggo Asabe, yayar babanmu, kun san ba a miƙa mata ruwa ta kafa kai. Ina! Sai ta ɗaga kofin sama, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Ɗan gidan wa ne?" Ruwan fa take tambaya, ba wanda ya kawo ba.

Shekara da shekaru tana wanke kwalabe a wani labo na gwajin ruwa a nan Yawunde. Wanki kawai, jama'a! Amma hannu na wanki, kunne na karatu. Ko da ta yi ritaya, 'yan kwalabenta na ƙulle a bakin zani, tsofaffin abokan aikinta kuma ba su isa su ce mata a'a ba in ta kai musu ruwa gwaji.

Ran nan mun je suna a unguwar Ekoudou, sai ga Gwaggo a bakin randar mutane tana cika kwalba. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwargida ta ce, "Haba Hajiya, ruwan nan garau yake!"

Gwaggo ta ce, "Ɓarawon takalmi ma da farar riga yake zuwa masallaci."

Malam Sale mahauci ne kaɗai ke ja da ita. Ya ji ta ce ƙwayar cutar da 'yan labo ke nema tana cikin hanjin kowa, har mai lafiya. Ya ce, "To in kowa na da ita, tada hankalin na mene ne?"

Ta ce, "Malam Sale, Musa nawa ne a layin nan? Akwai Musa tela, akwai Musan da ya gudu da akuyarka. Suna ɗaya, hali daban! Ita ma haka take. Na'ura ce ke buɗe gadonta, a duba ko ta gaji dafi. Kai ka taɓa ba da 'ya babu binciken asali?"

Malam Sale ya ce ai shi zancen akuyar ne bai so ba.

Muna ta dariya har damunar da 'yata Hafsatu, tana shekara biyu, ta kamu da gudawa har da jini. Yaran maƙwabta uku ma haka. Hankalina ya tashi, yarinya ta koma kamar tsumma a hannuna. Gwaggo ta ɗebi ruwan rijiyar gidanmu ta kai labo, ta dawo ta rufe rijiyar da kwanon rufi, ta hau kai ta zauna da lemarta.

Baba ya fito yana huci. "Yaya, rijiyar mahaifinmu ce fa! Ita muka sha muka girma."

"Bala, lokacin masai nawa ne a layin nan? Yanzu fita ka ƙirga. Mai son guga ya fara ɗaga ni."

Wa zai ɗaga ta? Kwana huɗu rabin unguwarmu ta Briqueterie na zuwa kallo, ita kuwa tana ta sa mu dafa ruwan famfo.

Ranar da takardar sakamakon gwajin ta fito, sai ga ta ta diro daga tasi, takalmi ƙafa ɗaya, tana rangaɗa guɗa. Mutane suka ɗauka haihuwa aka yi! Ta ce, "Na kama ƙwayar! Ta gaji dafi!"

Baba ya ce, "Yaya, an ce rijiyarmu ta lalace, ke kuma kina guɗa?"

Ta ce, "Guɗar Hafsatu nake yi. Yanzu likita ya san da wa yake faɗa."

Da hannunsa Baba ya toshe rijiyar da siminti. Hafsatu ta tashi, sauran yaran ma. Ga ta can yau, ta fi ni tsawo.

Da ciwon ajali ya kama Gwaggo, ta kira ni ta ce, "Ruwan wankana, a dafa shi."

Na ce, "Haba Gwaggo, gawa tana kamuwa da gudawa ne?"

Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Sakarya. Masu wankan fa? Ba su da yara a gida?"

Mun dafa, muna dariya muna hawaye. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta. Yadda ta tsare mana 'ya'yanmu, Ya Allah Ka shayar da ita ruwan Alkausara. Amin.