Hantar ragon da na yi wa allura

Edita, ni mahauci ne ɗan mahauci, haifaffen Ƙofar Kaura, kuma bokona bai wuce ɗan rubutun nan a karkace ba. In ka ga layin ya kauce, hannun wuƙa ne. A shekarar da abin nan ya faru ni ne mai bakin unguwa, ba wanda nake raga wa, balle surukina, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune Kambarawa, wanda ko ruwa zai sha sai ya leƙa cikin kofin. A bayan idonsa Likita nake ce masa, kuma ba girmamawa ba ce.

Matarsa ɗiyata ce ta fari, wadda ko sunanta ba na kira. Ta dawo gida goyon ciki tana wata bakwai, asibiti suka ce jininta ya yi ƙasa, a riƙa ba ta hanta. A daidai lokacin ragon da nake turke da shi ya kamu da tari da majina. Na je wurin mai maganin dabbobi na sayo allurar nan fara kamar madara. Mai shagon ya ja mini kunne cewa kada a yanka dabbar sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Na ce masa ubana bai koya mini fawa da kwalba ba. Na zo gida na ninka awon, don a haukana yawan magani shi ne saurin warkewa. Kwana biyu ragon ya kwanta yana shure-shure, na sa masa wuƙa kafin ya zama mushe, yadda muka gada.

Surukin nan yana jin kunyata, ba ya iya tambayata kai tsaye, sai ya aiko ta bakin uwargidana wai a tabbatar naman da ake ba matarsa ba na dabbar da ke kan magani ba ne. Raina ya ɓaci. Shekara arba'in ina fiɗa, wanda bai taɓa riƙe ƙafar akuya ba zai koya mini nama? Na ce a gaya masa daga kasuwa na yanko. A zuciyata har daɗi nake ji, wai naman da ya sha magani ai shi ma magani ne, kuma wuta ba ta barin komai. Na gasa hantar da ƙodar da hannuna, na barbaɗa yaji, na aika wa ɗiyar tawa cikin gida. Ta cinye, ta aiko da godiya.

Kafin la'asar jikinta ya fashe da ƙuraje, leɓɓanta suka kumbura, numfashinta na fita da ƙara. A cikin keke muna hanyar asibiti uwarta ta tuna mini, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, cewa tun yarinyar na ƙarama wata allura ta taɓa yi mata haka, har aka hana a sake yi mata irinta. Na sani. Ni na goya ta zuwa asibiti a wancan karon.

Likitar, wadda a haife na haife ta, ta tambayi maganin da aka ba yarinyar. Kowa ya ce babu. Ta tambayi abin da ta ci. A gaban surukina na faɗi gaskiya, na ciro kwalbar daga aljihu. Ta karanta, ta dube ni, ta ce ba za ta rantse ba, amma maganin ɗan gidan wancan ne da jikin yarinyar ba ya so, kuma a hanta da ƙoda ya fi taruwa, gashi ba ya kore shi duka. Ta ce dabbar da aka yi wa magani aka bari kwanakinta suka cika, namanta lafiya lau ne ko ga mai ciki. Ta ƙara da cewa in ina son kashe jikana akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi. Muka zauna a kan benci har aka fito aka ce ɗan yana motsi. Surukina bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ana sallamarta ya wuce da matarsa Kambarawa, goyon ciki ya ƙare, uwargidana ta yi wata guda tana ajiye mini tuwo kamar ana ba kare.

Allah ya sauke ɗiyar tawa lafiya, namiji. Da can an yi maganar sunana za a sa masa, sai na ji an raɗa wani. Ranar suna aka kira wani mahauci daga Gobarau ya feɗe ragon sunan, ina zaune kan tabarma ina kallon yadda yake ɓata fata, ban isa in ce uffan ba.

'Yan uwana masu fawa da masu kiwo, na san ku, don ni ne ku. Dabbar da ke kan allura in ta kwanta, asararta ta tsaya a kanka, kada ka tura ta cikin matar wani. In ba ka iya karanta kwalba ba, miƙa wa wanda ya iya. Masu ciki kuma ku tambaya, ko da mai naman ubanku ne. Yaron yanzu ya fara cin nama, uwarsa kuwa har yau in na aika da tsire sai ta ba maƙwabta.