Alƙalamin da Ba a Fiƙewa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya kuma dawo da ni. Jikokina sun dame ni da tambaya a kan waɗansu tsinkaye biyu masu ƙyalli da ke cikin gafakar littattafaina, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi suka zo hannuna.

Daga Kazaure zuwa Kano

A shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa, malaman makaranta duk suka sayi babura, kowane gida rediyo na kuka. Wata jami'a a Landan ta nemi wanda zai karanta wa ɗalibanta tsofaffin waƙoƙin ajami da baki su ɗauka a kaset, sai rabon ya faɗo kaina.

Ranar tafiya, da na idar da sallar asuba, na biya zauren Malam Babba, wanda ya koya mini riƙe alƙalami tun ina ƙarami. Na same shi da fitila a gaba, yana kwafe littafin fiƙihun mahaifinsa, wanda gara ta fara ci. Takardun da ya ɓata suna gefe, sun yi tsibi.

Ya ce, "Habibu, gamban yanzu ba shi da ƙwari, kullum sai fiƙa. An ce can kayansu ba sa lalacewa. Ka nemo mini alƙalamin da zai kai ni ƙarshen littafin nan kafin gara ta riga ni. Amma ban da na ƙarfe, ka ji? Ni ba na rubuta ilimi da ƙusa."

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, in Allah Ya so da shi zan dawo."

Na san ba alƙalami ke ba shi wahala ba. Idonsa ne ya yi rauni, in ya ɗaga kai daga tsohon littafin zuwa sabuwar takarda sai layi ya ɓace masa, ya tsallake ko ya maimaita. Amma wa zai faɗa masa?

A motar Kano direba ya dubi akwatina ya ce, "Malam, Makka za a je?" Na ce Landan. Ya ce, "To, Allah Ya sa a dawo da Hausa a baki."

Saukar Landan

Mun sauka da safe, rana ko alamarta babu. Wani ɗan kwastan ya buɗe akwatina, ya sansana kuka da daddawa, ya yamutse fuska, sannan ya zaro 'yar wuƙata daga cikin tsumma. Turancina bai kai ya yi bayani ba, sai na ciro alƙalamin gamba na fiƙe shi a gabansa. Ya yi dariya ya miƙo mini abata.

Sule, ɗan yayata da ke karatun likita, yana jira a waje da wani ƙaton kwat a hannu.

"Kawu, sannu da hanya! Na yi booking ɗin mota, an yi cancel. Sai mu shiga tube."

"Mu shiga me?"

"Jirgin ƙasa ne, Kawu, amma ta ƙarƙashin ƙasa yake bi."

Na ce, "Tun da raina?"

Deptford

Ɗakin Sule yana wannan unguwa, a saman wani kantin kayan miya, ba nisa da kogi. Sai an jefa kwabo a wani akwatin ƙarfe sannan wutar jin ɗumi ta kama, in ya ƙare ta mutu, ko kana tsakiyar sallah. Sule ya nuna mini alƙibla, ta kusurwar da taga take. Ya tuƙa tuwon garin shinkafa, na kaɗa miyar kuka, muka ci da hannu muna hirar gida. Har yau ban sake cin tuwon da ya kai wannan daɗi ba, alhali gudaji ne fal a cikinsa.

Bloomsbury

Kullum da safe nakan hau jirgi, in sauka in hau bas mai hawa biyu zuwa unguwar jami'o'i. In rera waƙoƙin, ɗaliban su yi ta tambaya a kan wasali, wani Bature ma ya fi ni son rufu'a. Da azahar ta yi sai in shiga neman alƙalami. Na ga na azurfa, na ga mai bakin zinariya, na ga mai shan tawada da kansa. Duk ƙusa ne. Kwanaki suka yi ta tafiya, abin ya fara damuna, don ban san da wace fuska zan shiga zauren Malam ba.

Ana jibi zan taso, bayan sallar Juma'a, ruwa ya kore mu ni da Sule zuwa bakin wani ɗan kanti a wani lungu. Ina duban gilashi sai na gan su a jere kan baƙin ƙyalle: siraran itatuwa masu tsawon taƙi, gindi da kauri, baki da tsini, ja da baƙi, da waɗansu ɗigo-ɗigo masu walƙiya.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Sule, ga alƙalamin Malam."

Ya buɗe baki zai yi magana, ni kuwa har na shige.

Wata tsohuwa ce a ciki, 'yar ƙasar Japan, gajeriya, kanta fari fat. Ta rusuna mini, na rusuna mata, ta sake rusunawa, na ga in ban tsaya ba a nan za mu wuni. Na ɗauki ɗaya. Sulɓinsa kamar an shafa mai, ga shi ba nauyi. Na ciro wuƙata don in gwada ko zai fiƙu. Tsohuwar nan ta yi wata ƙara, ta kama hannuna da hannu biyu.

"Kawu, ajiye wuƙar nan!" in ji Sule. "Abin cin abinci ne. Cokalinsu ke nan."

"Cokali? Ina bakinsa?"

Da ya yi mata bayani da Turanci, sai ta rufe baki da hannu tana dariya har da hawaye. Ta kawo mana kujeru da wani koren shayi marar sukari. Ta ɗauki itatuwan nan biyu tsakanin yatsu, ta tsinci ƙwayar wake ɗaya daga faranti kamar kaza. Na gwada, waken ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur.

Sule yana fassara, ta ce marigayi mijinta ne ya yi su a garinsu na bakin teku, kafin ta dawo wurin ɗanta a nan. Ƙaron wata bishiya ake shafa wa icen, kamar yadda muke shafa makuba a daɓe. Sai dai shi ba ya bushewa a rana, sai a ɗaki mai laima. A manna ɓawon ƙwai da gutsattsarin ɓawon kifin teku, a shafe su da ƙaro, a jira, a sake shafawa, har su ɓace gaba ɗaya, aikin ya ci watanni. Sannan a yi ta gogewa da dutse da gawayi a hankali, har adon da aka binne ya fito. Ta ce mijinta kansa ba ya sanin yadda zai fito sai ya gani.

Na dubi wuƙata, na mayar da ita aljihu.

Na ba ta labarin Malam da littafinsa. Ta saurara, ta ce ba ta da alƙalami. Na ce to ta sayar mini da ɗaya, in kai masa ko don ya ga na nema. Ta girgiza kai. Ta ce ba a raba su, guda ɗaya ba ya ɗaukar ko ƙwayar shinkafa. Ta naɗe mini biyun a takarda, ta miƙo da hannu biyu, ta ce in gaya wa tsohon ya bar su tare. Na so in taya, Sule ya taka mini ƙafa.

Komawa gida

Daga filin jirgin Kano ban tsaya ko'ina ba, da la'asar sakaliya ina zauren Malam. Bayan gaisuwa na ajiye ƙunshin a gabansa, na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ban samo ba." Na kwashe labari duka na faɗa masa.

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Wato ka haye teku ka kawo mini cokali!"

Ya warware takardar, ya kai su kusa da ido, ya jujjuya. Hasken ƙofa ya bugi ɗigon nan, suka yi walƙiya. Can sai ya jawo tsohon littafin, ya kwantar da ɗaya a ƙarƙashin layin da ya tsaya. Ɗayan ya kwantar a kan sabuwar takardarsa. Ya ɗaga kai daga wannan zuwa wancan, ya sake, ya sake.

Ya ce, "Habibu, wannan ƙyallin ina ganinsa sarai. Ta ce kada a raba su? Ba za a raba su ba. Wannan ya tsare mini inda nake karantawa, wannan ya tsare inda nake rubutawa. Miƙo mini gambana, ka fiƙe shi da kyau."

Kafin damina ta faɗi ya kai ƙarshen littafin, bai sake yaga takarda ba. Da Allah Ya karɓi abinsa, aka ba ni gafakarsa, na same su a tsakiyar littafin, ya ɗaure su tare da jan zare.

Na gode wa Allah da Ya nufe ni da wannan tafiya. Na gode wa Sule da tuwonsa mai gudaji, da tsohuwar nan da ban ko tambayi sunanta ba. Allah Ya jiƙan Malam Babba, Ya haskaka kabarinsa. Ku kuma jikokina, kuna iya ɗauka ku duba, amma wanda ya ɗauki ɗaya ya ɗauki ɗan'uwansa.