Gyaran da Yaya Buba Ke Sawa a Memori

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Buba, mai shagon tura waƙoƙi a bayan kasuwar Mubi. Tun kafin komai ya faru, kunnuwansa ne damuwata. Kullum a toshe suke da abin sauraro. Nakan ce, "Yaya, garin nan ba lafiya, ko harbi aka yi ba za ka ji ba." Sai ya ɗaga ɓari guda ya ce, "Auta, ai ke kina ji mana mu biyu."

Kiɗan da yake so ba murya a ciki. Dif-haus yake ce masa. Bugu ɗaya ne, a hankali, yana ta dawowa kamar ba zai ƙare ba. Masu keke napep na tsokanarsa wai ya sayi kiɗa an hana shi mawaƙi. Shi ma yana haɗa nasa a wata tsohuwar kwamfuta. Ya taɓa ajiye waya kusa da turmi ina daka, ya ɗauki ƙarar taɓarya ya mai da ita ganga. Da wannan kiɗan 'yata Sadiya ke barci tana jaririya.

Yadda mai tumatir ke ba da gyara, haka yake yi. Duk wanda ya kawo memori a cika masa, sai ya ƙara masa kiɗansa ɗaya a can ƙarshe, ko bai nema ba.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari ya watse, muka gudu ta ƙauyen Duvu, shi ya koma rufe shago. Bai fito ba. Shagon ya ƙone har da kwamfutar, wayata mai ɗauke da kiɗansa kuma ta faɗa mayo, wato kogi, muna ƙetarewa. Ban san ko abin sauraron nan na kunnensa a lokacin ba, na kuma daina tambaya. Allah ya jiƙansa.

Yanzu sababbin kaɗe-kaɗe irin nasa na ta fitowa. Kwanaki na ji ɗaya a keke, direban ma cikin masu tsokanarsa yake. Da Yaya na nan, da ya yi dariya, sannan ya ce bugun ya yi sauri.

Sadiya ba ta tuna fuskarsa, ni kuma kiɗan ya fara ɓace min a ka. Abin da ya rage nasa yana aljihun mutane, ba su sani ba.

Don Allah, in ka taɓa cika memori a wurinsa, kada ka goge. Duba na ƙarshe. In ka ji taɓarya a ciki, kawo memorin layin masu cajin waya na kasuwar Mubi, ka tambayi Maman Sadiya.