Yoila Ya Buɗe Murya

Shekara ashirin da biyu Yoila ya yi a ƙungiyar mawaƙan cocinsu da ke Maisandari, kuma a duk shekarun nan, in ban da ranar farko, babu wanda ya taɓa jin muryarsa a waƙa.

Shi mai facin taya ne a bakin titi. Daga wajen Biu ya zo Maiduguri yana saurayi, da famfo ɗaya da bahon ruwa na gwada tub. Abin da ya kai shi cikin mawaƙa kuwa ba waƙa ba ce, wata budurwa ce mai suna Phebe da ke tsayawa a layin gaba. Ranar da ya fara zuwa koyo, ya ja baiti ɗaya, sai ya ga Phebe ta waiwayo tana neman abin da ya faɗi ƙasa. Daga nan ya yanke shawara: zai riƙa buɗe baki, amma ba zai bari komai ya fito ba.

Ya kuwa ƙware. Ya iya lumshe ido daidai inda waƙa ke taɓa zuciya, ya iya ɗaga gira idan an hau sama, har jijiyar wuya yake tayarwa. Ya auri Phebe, suka haifi Thomas da ƙannensa uku. Ita ta bar waƙa saboda hidimar gida, shi ya ci gaba da tsayuwa kowace Lahadi cikin doguwar riga shuɗiya, yana zufa kamar kowa.

Wata Lahadi a bara, fastonsu ya yi wa'azi a kan tuba. Ya ce Mulkin Sama na nan tafe, ba ya kuma aiko da sanarwa, don haka duk mai abin da yake ɓoyewa ya fito da shi yau, kada ya ce sai gobe. Ya ƙara da cewa akwai masu girmama Allah da leɓe kawai. Yoila ya ji kamar an kira shi da sunan babansa. Ya taɓa leɓensa. Kafin a rufe da addu'a ya ɗaga hannu, ya fito gaba.

"Fasto, 'yan'uwa, ni ne mai leɓen. Tun da na shiga ƙungiyar nan ban taɓa yin waƙa ba. Motsa baki nake yi."

Phebe ta dafe kai. Fasto ya rungume shi, ya ce Allah ya ji, tun da kuma ya tuba, sai ya fara sabuwar rayuwa yanzu-yanzu: ya rera wa jama'a baiti ɗaya.

Yoila ya ja numfashi ya saki.

Jarirai biyu suka fashe da kuka lokaci guda. Mai kiɗan jita ya durƙusa yana duba waya, ya zaci lasifika ce ta lalace. Wata tsohuwa da ta daɗe ba ta ji sosai ta ce a yau kam ta ji. Shi kuwa Yoila ya kai ƙarshen baitin da hawaye, ya shiga na biyu ba tare da an roƙe shi ba.

Abin bai tsaya a coci ba. Ranar Litinin ya fara koyo a wurin aiki, yana buga taya yana rerawa. Maƙwabcinsa Madu mai sayar da kankana ya tsallako da sauri, ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Yoila. Lafiya? Injin iskarka ne ya kama da wuta?"

"Tuba na yi, Madu."

"To, madalla. Amma tuban naka kwana nawa zai ɗauka? Masu saye suna juyawa."

Bayan Lahadi uku, shugabar mawaƙa, Mama Margaret, ta kai maganar gaban dattawan coci. Aka kira Yoila da matarsa. A nan Mama Margaret ta ce ita ma tana da nata tuban.

"Baban Thomas, na sani tun makon farko. Ni na mayar da kai tsakiya, don fuskarka ta fi ta kowa iya waƙa. Baƙi idan sun zo kai suke yabawa."

Phebe ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ni ma na sani. Shirun nan yana cikin abin da ya sa na yarda da shi."

Dattawa suka daɗe suna shawara. A ƙarshe suka ce laifin dā yaudara ce, tun da kuma yanzu kowa ya sani, babu sauran yaudara. Yoila zai koma wurinsa, ya riƙa waƙa a zuci, baki na motsi, da izinin ikkilisiya. Aka ba shi damar buɗe murya sau ɗaya a shekara, ranar Kirsimeti, a waje.

Ya karɓa, amma wani abu ya tsaya masa a rai.

"Fasto, idan Mulkin ya zo, a can ma shiru zan yi?"

"A'a. A can za a ba mu sabon jiki."

"Har da maƙogwaro?"

Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa.

"Za mu sa shi a addu'a," in ji Mama Margaret.

Tun daga ranar Yoila ya fi kowa a Maisandari ɗokin zuwan Mulkin Sama. Duk wanda ya kawo masa faci sai ya tambaye shi ko ya shirya, kafin ya tambaye shi inda ƙusa ta shiga.