Tabon Kunz

Walburg ta tsufa tana sayar da hotunan bugu a kasuwar Nuremberg, a gindin bangon coci, yatsunta sun rine da tawada. Mijinta Kunz majemi ne, ƙato mai faɗin ƙirji, da tabon wuƙar jima a kuncin hagu tun daga kunne har haɓa. Kunz ɗin ne ubangidanta, Maigida Endres, mai sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe, ya tsayar tsirara cikin sanyi don ya zana Adamu a Aljanna. Kafin a gama farantin tari ya kashe Kunz. Walburg ba ta da abin da za ta duba ta gan shi, sai ta zuba wa hoton ido tana jira.

Ranar da aka ɗaga takardar farko daga na'urar bugu, ta daɗe tana kallo. Wani santalelen mutum ne, hanci miƙe, kunci sumul kamar ba a taɓa marinsa ba.

"Maigida, wane ne wannan?"

"Adamu mana, Walburg."

"Ina Kunz?"

"Ga ƙirjinsa nan. Ƙafafun na wani ɗan dako ne, fuskar kuma awo ne ya ba ni. Allah bai halicci mutum na farko da tabo ba."

"Wato ka yanka mijina kamar sa, ka ɗauki ƙirji ka zubar da sauran."

"Haba uwar kasuwa, wa zai sayi Aljanna mai warin jima?"

Ma'aikatan shagon suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da rana, da suka fita cin burodi da kabeji, ta ɗauki ƙarfen sassaƙa, ta sami kuncin hagu na Adamun da ke kan faranti, ta ja layi da duk ƙarfinta. Ta san sarai abin da aka sassaƙa yakan fito a juye a takarda, ta sha faɗa wa masu saye. Fushi ne ya mantar da ita.

Mai bugu ya shafa tawada ya buga ba tare da ya duba ba. Tabon ya fito a kuncin dama.

Endres ya murje layin daga farantin, ya kore ta, ya jefa mata takardar. "Tafi da mijinki. Ko shi ba ki iya sa wa tabo daidai ba."

Yanzu wanki take yi a bakin kogi. Adamun Endres na rataye a gidajen attajirai, fes da shi, kuma duk inda ta gan shi sai ta tofar da yawu. Tata takardar tana manne a taga, fuskar na kallon titi. Idan rana ta hudo ta ratsa takardar, Walburg na kallon bayanta daga cikin ɗaki, tabon yakan koma hagu, inda yake.