Mahamadu Abdu Biyar, Buhu Ɗaya

Har in mutu ba zan manta da ranar da na share magidanta huɗu daga duniya da ɗan yatsa ɗaya ba. Lokacin ina sakataren wata ƙungiyar manoma wajen Kalfu, aka tura ni Tawa kwana uku in koyi tablo, wato layuka da gidajen da ake zuba sunaye a ordinata, kwamfuta ke nan. Mai koyar da mu, Madam Rabi, ta nuna mana wani maɓalli: in suna ya maimaitu, ka danna, ya share. Na dawo ina taku kamar ni na ƙera na'urar.

Damina ta matso, aka ce mu aika jerin waɗanda za a ba irin gero. Na zuba suna, sunan uba da gari. Sai na ga Mahamadu Abdu har sau biyar a gari ɗaya. Na ce lallai wani ke son cin rabon mutum biyar, amma ya tarar da ɗan zamani. Na danna, na aika.

Ranar rabo na kira Mahamadu Abdu. Mutum biyar suka miƙe, suka kewaye buhu ɗaya. Babbansu, wani tsoho mai sanda, ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake ce wa ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, wane daga cikinmu kac ce?"

Na ce ordinata ce ta ga sunan ya yi yawa.

"To ita ta raɗa muna shi? Hadari ya taso, mi za mu shibkawa?"

Aka kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Mota ta kawo buhuna daidai jerina, ba ƙari ko ɗaya. Maigari ya sa kowa ya ɗebo tiya guda daga nasa. Bai kai ba, sai da na buɗe rumbuna na cika, matata kuma ba ta bar zancen ba har kaka.

Kashegari na ƙara wa tablo gida ɗaya, na laƙabi: Dogo, Mai Jaki, Ɗan Ladi, Na Rijiya, Tsoho. Abin da na koya ke nan, ku sabbin ma'aikata: kafin ku share suna, ku tambayi maigari. Har tsohon nan ya rasu, in mun gamu a kasuwa sai ya miƙo hannu ya ce, "Mushe, taɓa ka ji, ina nan."